Ɗan aiken da ba ya faɗin gidan da ya tarar a kulle

Jama'a, yau maganar kwamfuta ce, amma ku daure ku karanta, don ta shafi harshenmu.

Akwai manhajojin da ba su da aiki sai yawo a intanet dare da rana. Su shiga wannan shafi su kwafe abin da ke ciki, su bi mahaɗin da suka gani su faɗa wani. Da irinsu Google ke sanin abin da zai nuna muku in kun yi bincike. Da su Internet Archive, wadda aka kafa a Amurka a 1996, ke adana tsofaffin shafuka, da su kuma Common Crawl ke tara rubutun da ake koya wa ƙirƙirarriyar basira harshe da shi. Ni ɗan aike nake kiran irin wannan manhaja.

Duk ƙofar da ɗan aiken ya yi wa sallama, da lamba ake amsa masa. 200 na nufin ga saƙonka. 404, babu wannan shafin. 403, an hana ka shiga. 429, ka cika naci, dakata. 503 kuwa mai gidan na nan, aiki ne ya sha kansa, ka dawo anjima. Wani lokacin ma ko amsar babu, sai ya gaji da tsayuwa ya wuce.

To ga inda gizo ke saƙar. Da yawa daga masu tura ɗan aiken nan abin da ya kawo kawai suke ƙirgawa, ba ruwansu da inda ya dawo hannu rabbana. Ɗauki Scrapy, da masu wannan sana'a ke yawan amfani da ita: in ba ka sauya tsarinta ba, wasu kurakuran za ta sake gwadawa sau biyu ne ta haƙura, kuma amsar da ba ta nasara ba ce ba za ta miƙa wa shirinka ba. Tana rubutawa a kundinta, amma tsakani da Allah mutum nawa ke buɗe kundin?

Ku ƙaddara mai ƙidaya ne ya zo unguwarku, duk gidan da ya tarar a kulle ya wuce bai rubuta komai ba, sannan ya je ya ce mutum kaza ne a unguwar. Bai yi ƙarya da baki ba, amma lissafinsa ƙarya ne.

Kuma gidajenmu ne aka fi tararwa a kulle. Ƙananan jaridun Hausa na intanet, yawanci mutum ɗaya ne ke biyan kuɗin ajiyar shafin daga aljihunsa. Wata ya ƙare bai biya ba, shafi ya rufe. Mafi muni ma, wani shafin 200 zai amsa alhali abin da ke kai sanarwar dakatarwa ce, ɗan aike ya kwashe ta a matsayin labari. Ku tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, Najeriya da Ghana da maƙwabta suka shiga wani hali. Ɗan aiken da ya taso daga Turai a ranakun nan zai iya kasa isa shafin da ke ajiye a Legas. In bai rubuta dalili ba, wa zai san ya kamata a sake komawa?

Cibiyar Pew ta ce kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke akwai a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma. Sun iya faɗin haka ne don sun tsaya sun ƙirga gazawar.

Shi ya sa in na ji an ce Hausa ba ta da rubutu a intanet, ba na musu, ƙarancin gaskiya ne. Amma ina so in ga ɗaya takardar: adireshi nawa aka nema aka rasa, wace lamba suka bayar, a wace rana, sau nawa aka koma. Duk mai fitar da alƙaluma ya haɗa da wannan.

Ku kuma masu shafuka, in za ku rufe don gyara, ku sa shafin ya riƙa amsa 503, kar ku bar shi a 404. Na farkon zai sa Google ya dawo, na biyun in ya daɗe cire ku zai yi daga jerinsa.