Kududdufin da aka yanka fegi

Duk wanda ya san Diffa kafin Fabrairun 2015, lokacin da Boko Haram ta kawo hari nan da Bosso, ya san garin ya sauya kama. Mutanen bakin kogin Komadugu da na tsibiran Tafkin Chadi sun kwararo, gari ya kumbura, fili ya yi daraja. Ban ga laifin wanda ya tsere da ransa ya kafa bukka ba. Maganata da mai igiyar awo ce, wanda ya dubi kwarin da ruwan sama ke kwanciya tun zamanin kakanni, shi fegi ya hango.

Daminarmu gajeriya ce, abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 300 da 'yan kai ba. Ruwan da rijiyoyin bakin kogi ke bayarwa, Komadugu ce ke ɗura shi: in ta cika ta bazu cikin fadamu, yashi ya sha a hankali. Kududdufai ma suna ba da nasu. To, in ka cike kududdufi da shara, ka aza siminti da kwano, ruwan da ya kamata ya nutse sai ya bi titi ya faɗa ɗakin maƙwabci. A Agusta muna kwarfar ruwa da roba, a Afrilu muna leƙen ɗan ga-ruwa.

Ta ƙasa kuma ana ta zuƙa. Tattasai ne arzikin jihar nan, kowa ya sani, kuma in kogi ya ƙafe injin ban-ruwa rijiyar burtsatse yake komawa. Ana ɗiba ba a zubawa.

Wani abokina ya ce ina ɓata tawada, wai linzamin Komadugu yana Kano, a madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992. Da gaskiyarsa. Ambaliyar Oktoban 2019 ta same mu damina ta riga ta ɗauke a nan, ruwan daga nesa ya zo. Amma Kano ba ta sayar mana da fegi a cikin kwari ba, mu muka sa hannu a takardar.

Ranka ya daɗe magajin gari, a fita da masu unguwanni da dattawa su nuna duk inda ruwa ke kwanciya, a kafa duwatsu, a hana yanka wurin. A yi shi cikin ranin nan, kafin hadarin farko.