Haƙƙin Zarto a Kan Kayan Kwali

Akwai wani hukunci da masu kishin sana'ar hannu suka daɗe da yankewa, kuma lokaci ya yi da za a ɗaukaka ƙara a kansa. Hukuncin ya shafi mutumin da ya sayi tebur ko kabad wanda masana'anta ta yayyanka ta jera cikin kwali, ya ƙi haɗa shi yadda aka umarce shi, ya sa zarto ya rage nan, ya ƙara can, har ya fitar da wani abu dabam. A wurinsu wannan ɗan kwaskwarima ne, mai wasa da fenti a ranar hutu, wanda bai taɓa shaƙar ƙamshin ɗanyen katako ba. Ni kuwa na ce an zalunce shi, kuma alƙalan nasa sun manta abin da ya sa sana'a ta zama sana'a.

Kafin gardama, ya kyautu a san abin da ake gardamar a kansa. Sayar da kayan ɗaki a wargaje tsohuwar dabara ce. Tun a 1859 Michael Thonet na ƙasar Ostiriya ya fitar da kujerarsa mai lamba 14, wadda ake zuba guda 36 a kwance cikin akwati ɗaya, a haɗa su bayan sun isa inda za su. Amma wanda ya mayar da dabarar ruwan dare shi ne kamfanin IKEA, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a kudancin Suwidin a 1943. Labarin da kamfanin yake bayarwa shi ne, a 1956 wani ma'aikacinsa, Gillis Lundgren, ya kasa shigar da tebur cikin mota, sai ya cire masa ƙafafu. Daga nan kamfanin ya daina biyan kuɗin dakon iska, ya ɗora wa mai saye aikin ƙarshe. Ana miƙa maka kwali, da ƙullin ƙusoshi masu murɗi, da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai kusurwa shida, da ɗan littafi na zane-zane wanda kusan babu kalma a cikinsa. Kai ne leburan ƙarshe na masana'antar, kuma ba ka da albashi.

A nan ba ni da ja da masu suka: bin wannan ɗan littafi ba sana'a ba ce. An riga an huda kowane rami, an auna kowane allo, an yanke kowace shawara a wani ofis mai nisa. Gaskiya ne mutum yana jin daɗin abin da ya haɗa. Wani bincike da Michael Norton da Daniel Mochon da Dan Ariely suka wallafa a 2012 ya nuna mutane suna sa wa akwatin da suka haɗa da hannunsu farashin da ya zarce wanda suke sa wa irinsa sak da wani ya haɗa. Sai dai jin daɗi daban, gwaninta daban. Maganata tana kan mutumin da ya rufe littafin ya ɗauki ma'auni.

David Pye, wanda ya koyar da tsara kayan ɗaki a babbar kwalejin zane ta Landan, ya raba aiki gida biyu a wani littafi da ya fitar a 1968. Akwai aikin tabbas, wanda sakamakonsa ya tabbata tun kafin a fara, domin inji ko ma'auni ya riga ya ƙayyade shi. Akwai kuma aikin kasada, wanda kyansa ko ɓacinsa yake rataye a kan ido da hannu da natsuwar mai yi a kowane lokaci. Kayan kwali su ne ƙololuwar aikin tabbas. To, me mai sauya su yake yi? Yana ɗaukar abin da aka tsare daga kuskure ya mayar da shi filin da kuskure zai yiwu. Ranar da ya ɗora zarto a kan allon da ya biya kuɗinsa, ya san idan ya karkace babu garanti, babu maido da kaya, asarar tasa ce shi kaɗai. Duk ma'aunin da ya shigar da masassaƙin turmi cikin masu sana'a zai shigar da wannan mutum, sai fa in an yi son kai wurin awo.

Masu suka suna cewa ai kayan ba katako ba ne, tarkace ne da aka lulluɓe da leda. Sun faɗi gaskiya, amma gaskiyar a kansu take komawa, domin mugun abu ya fi neman sani fiye da nagari. Ɗauki ɗan teburin nan mai suna LACK, mai faɗin santimita 55 kowane gefe. Cikin samansa takarda ce da aka shirya kamar saƙar zuma, an rufe ta da siraran alluna, sai 'yan dunƙulen garin katako a inda ƙafafu suke shiga. Wanda ya kafa ƙusa a tsakiyarsa ya kafa ta a iska. Wanda ya yanka shi dole ya san yadda zai cusa katako a bakin yankan ya liƙe da gam, in ba haka ba teburin ya mutu. Allon garin katako kuwa yana da nasa halin: idan aka cire ƙusa aka mayar a rami ɗaya riƙonta yana raguwa, idan bakinsa ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, fuskarsa mai santsi ba ta karɓar fenti sai an bi ta da samfefa an shafa fentin share fage mai kama santsi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a cikin ɗan littafin umarni. Ilmi ne da ake samu ta hanyar ɓata allo, da tambayar wanda ya riga ka ɓatawa, yadda ake samun kowane ilmin sana'a tun fil azal.

A dubi kuma abin da ake yi da kantar littattafai mai suna BILLY, wadda Lundgren ɗin nan ya tsara aka fara sayarwa a 1979. Mutum zai jera uku ko huɗu jikin bango, ya gina musu gindi, ya toshe ratar da ke tsakaninsu, ya ɗora ƙari har rufin ɗaki, ta yadda mai shigowa zai rantse tare aka gina su da gidan. Bango ba ya miƙewa sak, daɓe ba ya daidaita sak, alhali kayan masana'anta ba su san karkata ba. Sasanta miƙaƙƙen allo da karkataccen bango shi ne gwajin da ake gane kafinta da shi ko'ina a duniya. Wasu ma sun wuce gyara sun shiga ƙirƙira. A 2010 wasu masu harkar kwamfuta a Holan sun lura cewa ratar ƙafafun LACK ta yi daidai da faɗin inci 19 na na'urorin sadarwa, sai teburin shan shayi ya koma mazaunin na'ura. Wasu masu zane biyu, Samuel Bernier da Andreas Bhend, sun warware 'yan kujerun FROSTA suka fitar da keken yara marar feda. Irin wannan ido, mai kallon ƙafar kujera ya hango cokalin keke, ba a sayar da shi a kwali.

Saura hujjar da suka fi taƙama da ita, wato cewa mai sana'a na gaske daga tushe yake farawa, daga itace a daji. Wa ya taɓa farawa daga tushe? Telan da ya ɗinka babbar riga bai saƙa shaddar ba, masana'anta ce ta saƙa, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ɗinki ba sana'a ba ne. Marinan Ƙofar Mata a Kano suna tsoma yadin inji a cikin baba, ba wanda ya ƙwace musu suna. Shi kansa kafinta allunan da injin tsaga ya fitar yake saye, da ƙusar kamfani, da gam na gwangwani. Kowane zamani yana miƙa wa mai sana'a abin da ya tarar, shi kuma ya ɗora daga nan. Zamaninmu kwali ya miƙa. Wanda ya ce sai an sare itace kafin a shiga sahu, to ya fara da korar tela.

Akwai kuma abin da ya fi batun suna nauyi. Masana'anta tana yi wa mutumin da babu shi aiki ne: mai matsakaicin tsawo, mai lafiyayyun hannuwa, mai ɗaki murabba'i. Mutanen gaske kuwa suna zaune a ɗakunan haya masu lungu, wasu a kan keken guragu, wasu tsufa ya hana su tashi daga gajeriyar kujera. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kamfanin da kansa ya amsa wannan a 2019, lokacin da reshensa na Isra'ila ya haɗa kai da ƙungiyoyin naƙasassu aka fitar da 'yan ƙare-ƙare irin su manyan mariƙan ƙofa da abin ɗaga ƙafar kujera. Abin da aka yi wa biki a wannan shekara, talakawa masu zarto sun daɗe suna yinsa a ɗakunansu ba tare da kowa ya tafa musu ba.

Ba zan ɓoye zarge-zarge masu ƙarfi ba. Na farko haɗari ne. A 2016 an janye kabad-kabad masu aljihu kimanin miliyan 29 na IKEA daga kasuwar Amurka bayan sun rikito sun kashe yara ƙanana. Wannan abin tsoro ne, kuma babu mai hankalin da zai taɓa gadon jariri ko wayar wuta da ƙaramin sani. Amma a lura, waɗannan kabad-kabad ba sauya su aka yi ba, an bar su ne a tsaye ba a ɗaure da bango ba. Mutumin da ya saba tambayar ina nauyi ya karkata, me ke riƙe da me, shi ne na ƙarshe da zai bar dogon kabad a sake. Jahiltar abin da ke ɗakinka ita ce haɗarin, kuma sauya kaya makarantar sanin su ce.

Zargi na biyu shi ne duk wannan talla ce ta kyauta ga hamshaƙin kamfani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 2006 wata mata 'yar Maleshiya mai laƙabin Jules Yap ta fara tattara ayyukan masu sauya kayan IKEA daga ƙasashe daban-daban. A 2014 lauyoyin kamfanin suka aika mata takardar gargaɗi a kan amfani da sunansa. Wanzami ba ya son jarfa: kamfanin da ya yi arziki da cire ƙafar tebur ya murtuke wa masu cire ƙafar tebur. Da jama'a suka yi ca, sai ya janye, kuma a 2018 ya fitar da gadon zama mai suna DELAKTIG, wanda ya tsara da Tom Dixon musamman don a riƙa yi masa ƙari. Ƙananan kamfanoni ma irin su Semihandmade da Superfront sun tsiro suna sayar da ƙofofin da suka dace da akwatunan IKEA. Kasuwa takan haɗiye duk abin da ta ga yana da farin jini, wannan ba sabon abu ba ne. Sai dai a tambaya, wa ya fi yi wa kamfani hidima: wanda ya yar da kabad bayan shekara uku ya sayi sabo, ko wanda ya tsince shi a bakin titi ya ƙara masa shekara goma? Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 kaɗai ƙasar ta zubar da fiye da tan miliyan 12 na kayan ɗaki, kuma kimanin kashi 80 cikin ɗari a juji aka binne su. Kowane kabad da zarto ya ceto, ciniki ɗaya ne da bai faɗa ba.

Zargi na uku shi ne yawancin abin da ake nunawa shirme ne, fentin ruwan zinare da sabon mariƙi don a ɗauki hoto. Haka ne, kuma yawancin waƙoƙin da ake rubutawa ma ba su da kyau, amma ba a soke waƙa ba. Kowace sana'a tana da 'yan koyo a bakin ƙofa. Enzo Mari, mai zanen nan na Italiya, ya raba wa jama'a zanen tebura da kujeru kyauta a 1974, waɗanda ake yi da allo da ƙusa kawai, da nufin wanda ya gina abu da hannunsa ya sami idon tantance abin da masana'anta take sayar masa. Yarinyar da ta fara da sauya mariƙi bana, baɗi za ta tambayi dalilin da ya sa kanta take lanƙwashewa, kuma daga ranar ta fi ƙarfin mai tallan da zai ruɗe ta da sheƙi.

IKEA ba shi da shago a Nijeriya ko Nijar, amma 'yan uwan kayansa sun cika kasuwanninmu. Gadaje da sif-sif na allon garin katako, waɗansu daga Sin da Turkiyya, waɗansu kafintocinmu suka yanka daga irin allunan, su ake jera wa amare a yau, da kuɗin da iyaye suka yi shekaru suna tarawa. Idan ƙofa ta ɓalle ko leda ta ɗaye, sai a ce sun tsufa, a fara tunanin sabo. Mu da muka gaji maƙeran da suke mayar da gwangwanin madara aci-balbal, da masu yanka tsohuwar taya su fitar da takalmi da guga, ba mu da dalilin shiga layin masu raina wannan aiki. Abin da ya kamace mu shi ne kwalejojin fasaha su koyar da halayen waɗannan alluna yadda suke koyar da na maɗaci, masu shigo da kayan su riƙa kawo kayan gyaransu, kafintoci kuma su daina ɗaukar gyaran sif ɗin kwali a matsayin ƙasƙanci. Wanda ya biya kuɗin tebur ya mallake shi har cikin ɓargo, kuma yana da ikon yanka shi ya dace da ɗakinsa. Idan ya yanka ya yi kyau, a kira shi da sunan da ake kiran duk wanda hannunsa ya iya: gwani.