Agege: Mai bin hanyar lumana na buƙatar mai saurare

A ƙarshen watan Agustan 2019 jami'an Gwamnatin Jihar Legas suka tare wata babbar mota a Agege, ɗauke da mutum 123 'yan Jihar Jigawa da babura 48. Aka tsare su, aka bincike su, ba a same su da laifi ba, aka sallame su. Ba a ƙona taya ba, ba a jefi kowa ba. Mutanen suka garzaya kotu neman diyya, domin sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a Nijeriya.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Malam Aminu Kano ya nazarci gwagwarmayar Mahatma Gandhi, ya gwama ta da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kan adalci, sannan ya shigar da ita cikin NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Abin da aka koya wa talaka shi ne ya ƙi aikin tilas, ya faɗi gaskiya a gaban alƙali, ya karɓi ɗauri ba tare da ya ɗaga sanda ba. 'Yan Mahaukata sun doke su, kotunan En'e sun ɗaure su, Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku. Ba kowane ɗan NEPU ne ya iya danne zuciya ba, gaskiya ce. Amma sakamakon ya zo, ko da yake a makare: matan Arewa sun fara jefa ƙuri'a a 1976, gwamnonin PRP na Kano da Kaduna kuma suka soke haraji da jangali a 1979.

Martin Luther King, wanda ya zo Legas a Nuwamban 1960 domin rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna Janar, daga rijiya ɗaya ya sha da Malam. Sai dai masu yabonsa kan manta cewa ƙauracewa motocin haya da baƙaƙen fata suka yi a Montgomery na kwana 381 bai kawo ƙarshe ba sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1956, dokar 1964 kuma gwamnatin tarayya ce ta kafa ta. Haƙurin wanda aka zalunta rabin aiki ne. Sauran rabin yana kan teburin ma'aikaci.

Nan ne maganar ta iso Abuja. Legas na da hurumin tsara sana'ar acaɓa a titunanta, babu mai ja. Abin da ba ta da hurumi a kansa shi ne mayar da asalin mutum hujjar zarginsa, kuma sashe na 42 ya haramta hakan. Hausawan Agege, waɗanda kakanninsu suka sauka da fataucin goro tun zamanin Turawa, sun ga abin da ɗaya hanyar ta haifar a Ketu a 1999 da Idi-Araba a 2002. Idan wanda ya zaɓi takardar koke ya ga tana shan ƙura a ofis, masu kiran a ɗauki fansa ne za su samu kasuwa.

Don haka ya kamata Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a su ware jami'ai masu jin Hausa da za su riƙa zama a Agege, Mile 12 da Idi-Araba a ranaku sanannu, tare da wa'adin amsa kowane koke a rubuce. Mataimakan 'yan majalisar Arewa kuwa su sa wannan buƙata cikin takardun da za su miƙa wa iyayen gidansu kafin zaman kare kasafin kuɗin hukumomin biyu.