Wa Ake Wa Sauƙi A Wurin Kisa?

Tun ranar 10 ga Oktoba, 1789, da wani likita mai suna Joseph Guillotin ya miƙe a Majalisar Ƙasa ta Faransa ya nemi a daidaita talaka da basarake wajen zartar da hukuncin kisa, hukumomin Turai da Amurka sun yi ta ƙago sababbin hanyoyin ɗaukar rai, kuma babu wadda ta zo face an yi shelar cewa ita ce mafi rahama ga wanda za a kashe. Ni kuwa, gwargwadon abin da tarihi ya nuna mini, sauƙin da aka fi nema shi ne na idon mai kallo da zuciyar mai ba da umurni.

Ba na tuhumar niyyar likitan nan, domin abin da ya tarar ya isa ya sa mai imani kuka. A zamaninsa takobi na manya ne, igiya ta talakawa, ɗan fashi kuwa a kakkarya gaɓoɓinsa da sandar ƙarfe a bar shi yana numfarfashi. Har a 1757 aka ɗaure Damiens, wanda ya soki Sarki Louis na 15 da ’yar wuƙa, a jikin dawakai suka yi ta jansa a tsakiyar Faris. Saboda haka da likitan fiɗa Antoine Louis ya tsara na’urar da ta ɗauki sunan Guillotin, wani Bajamushe maƙerin kayan kiɗa mai suna Tobias Schmidt ya haɗa ta, wato wuƙa mai karkataccen baki da ke sulɓowa tsakanin ginshiƙai biyu ta raba kai da wuya kafin ƙiftawar ido, masu hankali sun ɗauka an rage azaba, kuma haƙiƙa an rage. Sai dai abin da ya sauƙaƙa yakan yawaita. An fara da ɗan fashi Nicolas Pelletier a 25 ga Afrilu, 1792, ba a cika shekara ba kan Sarki Louis na 16 ya faɗa kwando, sa’an nan tsakanin Yuni da Yulin 1794 aka sare fiye da mutum 1,300 a Faris kaɗai, adadin da zai gajiyar da dantsen kowane hauni in da takobi ne.

Hujjata mafi ƙarfi tana a shekarar 1939. Da aka sare Eugen Weidmann a bainar jama’a a Basai, taro ya yi rashin ɗa’a, aka ɗauki hotuna suka bazu, gwamnati ba ta taɓa na’urar ba, sai ta mayar da ita bayan katangar kurkuku, inda ta ci gaba da aiki har kan Hamida Djandoubi, mutumin Tunisiya, a 1977, kafin a soke hukuncin kisa a 1981.

Amurka ta bi wannan tafarki da ƙarin himma. A 6 ga Agusta, 1890, aka ɗora William Kemmler a kan kujerar lantarki a kurkukun Auburn na jihar New York, aka sakar masa wuta na daƙiƙa 17, aka ce ya cika, sai aka ga ƙirjinsa yana motsi, tilas aka maimaita har ƙaurin nama ya cika ɗakin. Ɗakin iskar guba ya biyo a Nevada a 1924, allurar guba a Texas a 1982, wadda aka shirya ta da gado da bututun ƙarin ruwa tamkar jinya ake yi, har cikin magungunanta akwai mai sandarar da jiki, ta yadda ko mutum yana cikin azaba ba shi da ikon nunawa. Duk da haka Clayton Lockett ya shafe minti 43 kafin ransa ya fita a Oklahoma a 2014, Kenneth Smith kuma, wanda aka yi ta lalube ba a sami jijiyarsa ba a 2022, aka komo da shi a Janairun 2024 aka shaƙe shi da iskar naitirojin a Alabama.

Fuƙaha’unmu, Allah Ya yi musu rahama, sun wajabta kyautatawa a wurin kisa, sun hana musla da azabtarwa, amma mafi yawan tawadarsu ta ƙare ne a kan sharuɗɗan shaida, da adalcin shaidu, da tunkuɗe haddi idan shubuha ta gitta, da ƙofar afuwa ko diyya da aka bar wa waliyyin jini a buɗe. Can ne mas’alar take, kuma can ya kamata majalisu su kashe ƙarfinsu. Ga misali: Ingila ta kyautata rataya tun 1872, lokacin da William Marwood ya shigo da auna tsawon igiya bisa nauyin mutum domin wuya ya karye nan take, kuma da wannan gwaninta aka rataye Timothy Evans a 1950 bisa tuhumar kashe ’yarsa, alhali babban mai shaida a kansa, maƙwabcinsa John Christie, shi ne aka gano bayan shekara uku yana da gawawwakin mata ɓoye a cikin gidansa. Afuwar Sarauniya ta zo wa Evans a 1966, yana da shekara 16 a kabari.