Gwaurayen Sinadarai: Ba Dukansu Ne Abokan Gaba Ba

A kantunan magani da tallace-tallace an cika kunnen jama'a da cewa akwai wasu miyagun sinadarai a jiki, waɗanda Turawa ke kira firi radikal, kuma su ne ke haddasa tsufa da sankara da ciwon zuciya, sannan maganinsu yana cikin kwalbar ƙwayoyin bitamin. Rabin maganar nan gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa bincike ya daɗe da rushe shi, ya kamata kuma malamai da ɗalibai su san inda aka rabu.

Ɗalibin kimiyya ya san cewa ilektiron na ƙwayoyin zarra sun fi son zama biyu-biyu. Idan sinadari ya wayi gari da ilektiron guda marar abokin zama, to ya zama gwauro, ba ya kuwa samun natsuwa sai ya fizgo na maƙwabcinsa. Shi ma maƙwabcin sai ya koma gwauro ya auka wa na gaba. Ta haka ake lalata kitsen da ya kewaye ƙwayar halitta, da furotin, har da DNA. Mafi yawan gwaurayen nan daga iskar oksijin suke fitowa, lokacin da jiki ke ƙona abinci don samun ƙarfi. Wato iskar da ke rayar da mutum ita ce dai mai sa ƙarfe tsatsa.

A 1956 Denham Harman na Amurka ya kawo ra'ayin cewa taruwar wannan ɓarna ce ke jawo tsufa. A 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich na Jami'ar Duke suka gano wani inzayim, SOD, wanda aikinsa shi ne mayar da ɗaya daga cikin gwaurayen ya zama haidirojin feroksaid. Daga nan wani inzayim, katales, ya mayar da shi ruwa da oksijin. Kumfar da ke tashi idan an zuba ruwan feroksaid a kan rauni aikin katales ce. A 1985 Bajamushe Helmut Sies ya bayyana matsalar a matsayin rinjaye: cuta na samun ƙofa ne idan gwauraye suka fi ƙarfin masu tsaron jiki.

Sai mutane suka yi saurin yanke hukunci, wai tunda haka ne, a ƙara wa jiki masu tsaro daga kwalba. An kuwa gwada. A ƙasar Finlan an bi lafiyar maza mashaya taba 29,133, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cewa waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A 1996 an dakatar da irin wannan gwaji a Amurka kafin wa'adinsa, domin ƙarin ya kai kashi 28. A 2011 wani gwajin na maza fiye da 35,000 ya nuna bitamin E ya ƙara sankarar mafitsara ta maza, wato furostet, da kashi 17. Garin neman gira an rasa ido. Mai talla ba ya ambaton waɗannan alƙaluma.

Dalili kuwa shi ne jiki da kansa yana ƙera gwaurayen da gangan. Fararen ƙwayoyin jini da su suke kashe ƙwayoyin cuta, kuma yaran da aka haifa ba su iya ƙera su suna fama da cututtuka ba ƙaƙƙautawa. Iskar naitirik oksaid gwauruwa ce, amma ita ke sassauta jijiyoyin jini, binciken da ya tabbatar da haka ya ci kyautar Nobel a 1998. Ko atimisinin, jigon magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau, wanda ya ba Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015, gwauraye yake saki a cikin ƙwayar cutar idan ya haɗu da sinadarin ƙarfen jinin da ta ci.

Wannan ba ya nufin babu haɗari. Haɗarin na nan, sai dai ba inda talla ke nunawa ba. Kimanin mutum miliyan 400 a duniya suna da ƙarancin inzayim G6PD, wanda ke taimaka wa jajayen ƙwayoyin jini su kare kansu. Gadonsa ake yi, ya fi kama maza, ya kuma yawaita a Afirka ta Yamma da sauran wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida. Mai wannan larura yakan zauna lafiya ƙalau, sai ranar da ya sha wani magani irin su firimakwin, ko ya haɗu da kafur ɗin da ake sa wa tufafi. Daga nan sai jajayen ƙwayoyin su farfashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Likitocin yara a Nijeriya sun daɗe suna gargaɗi cewa ajiye kayan jariri cikin kafur na iya jawo masa shawara mai tsanani, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa.

Saboda haka malamin da ke koyar da wannan babi zai fi amfanar ajinsa idan ya bar zancen jaruman kwalba, ya yi bayanin rinjaye da daidaito. Zogale, alayyahu, gwanda, lemo da manja suna ba jiki abin da yake bukata gwargwadon bukatarsa, ƙwayar bitamin kuwa a bar wa wanda likita ya tabbatar yana da ƙaranci. Ɗalibar da ta fahimci darasin G6PD za ta iya komawa gida ta fitar da kafur daga akwatin kayan ƙaninta sabon haihuwa, kuma idan idonsa ya soma rawaya ta matsa a kai shi asibiti a ranar.