Ƙananan jiragen da ke zuwa Maraɗi na buƙatar layin tauraron ɗan adam

Manomin zogale a Jiratawa da mai shago a Tibirin Gobir kan ji ƙarar jirgin da ke shirin sauka a filin Maraɗi kafin su hango shi, musamman a lokacin hunturu da hazo ke rufe gari. Abin da ba sa gani shi ne halin da matuƙin yake ciki tun daga Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500 a sama: shin a duk tsawon hanyar akwai mai jin muryarsa idan ya yi kira?

Rediyon da matuƙa suka fi amfani da shi, wato VHF, yana aiki ne tsakanin megahaz 118 da 137, kuma saƙonsa a miƙe yake tafiya, ba ya bin lanƙwasar ƙasa. Babban jirgin da ke can sama da mita 10,000 na iya magana da tashar da ke nesa da kilomita 400. Ƙaramin jirgin da ke tafiya a mita 1,000 kuwa, da wuya muryarsa ta wuce kilomita 130. Ƙananan jiragen nan su ne ke ɗaukar likitoci, ma'aikatan agaji da marasa lafiya zuwa Maraɗi da makamantanta, su ne kuma suka fi faɗawa wuraren da rediyon ke yin shiru.

Maganin da aka daɗe da shi shi ne rediyon gajeren zango na HF, wanda saƙonsa ke bugun sararin sama ya dawo ƙasa, har ya kai dubban kilomitoci. Matsalarsa ƙugi ne da yankewa, ga shi ingancinsa na sauyawa tsakanin dare da rana. Saboda irin wannan giɓi ne aka saba a wasu sassan Afirka matuƙa su riƙa sanar da junansu inda suke a kan megahaz 126.9.

Nijar ta san illar ɓacewar jirgi a inda babu kowa. Ranar 19 ga Satumba 1989, jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Njamena zuwa Paris ya tarwatse a saharar Tenere sakamakon bam, mutum 170 suka rasu, kuma sai washegari aka gano tarkacensa. Ranar 24 ga Yuli 2014, jirgin Air Algérie da ya bar Wagadugu ɗauke da mutum 116 ya faɗi kusa da Gossi a Mali, aka kwashe awanni ana nema. Babu rediyon da zai hana bam tashi. Amma a hatsarin da wasu suka tsira da raunuka, awannin da aka ɓata wajen nema su ne ke raba mai rai da gawa.

An samu ci gaba tun daga lokacin. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 kuma take kula da sararin samaniyar Nijar daga cibiyarta ta Yamai, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Aireon domin ganin jirage ta taurarin Iridium guda 66 da ke kewaya duniya. A 2020 kuma ta fara watsa siginar da ke ƙara daidaiton GPS ta tauraron Najeriya, NigComSat-1R. Manyan jirage na musayar rubutaccen saƙo da masu kula da zirga-zirga ba tare da buɗe baki ba. Sai dai duk wannan na amfanar jirgin da aka ɗaura wa na'urar da ta dace ne kawai. Ƙa'idar bayyana wurin da jirgi yake duk minti 15, wadda hukumar ICAO ta kawo bayan ɓacewar jirgin Malesiya a 2014, manyan jirage ta fi shafa.

A nan ne hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasa, ANAC, ke da aikin yi. Ya kamata ta wajabta wa duk ƙaramin jirgin da ke ɗaukar fasinja a cikin gida na'urar bin sawu ta tauraron ɗan adam, tare da hanyar yin magana idan VHF ya ɗauke. Ta kuma riƙa binciken na'urar neman ɗauki mai megahaz 406, ta tabbatar an yi mata rajista da sunan mai jirgin da lambar da za a kira. Tun 1 ga Fabrairu 2009 taurarin tsarin ceto na Cospas-Sarsat suka daina sauraren tsofaffin na'urori masu megahaz 121.5.

Masu jirage za su ce kuɗin na'ura da na biyan wata-wata nauyi ne a harkar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba. Ƙorafin na da tushe, kuma gwamnati na iya sassauta shi ta hanyar yafe kuɗin kwastan a kan waɗannan kayan. Wasu kuma za su ce a jefar da HF tunda tauraro ya zo. Wannan kuskure ne: layin tauraro na hannun kamfanonin waje, yana iya yankewa, don haka a bar tsohon rediyon a matsayin madogara ta biyu.

Saura aikin ƙasa. Ko tauraro ya nuna inda jirgi ya faɗi, mutanen ƙauye ne za su fara isa wurin. Magadan garin Tibiri da Jiratawa, sarakunan gargajiya, 'yan kwana-kwana da gidajen rediyon Maraɗi na buƙatar lamba guda da kowa ya sani, da atisaye aƙalla sau ɗaya a shekara tare da ma'aikatan filin jirgi. Birnin ya ga manyan ayyuka a bikin Maraɗi Kwalliya na 2015. Wannan aikin bai kai ko kusa da su tsada ba, kuma gwamnan jaha na iya kiran taronsa na farko kafin hazon bana ya sauka.