Tilasci Da Takardar Jabu A Bakin Gadon Majinyaci

Yau za mu duba wata mas'ala wadda mai karatu zai zaci ta Turawa ce kaɗai, alhali kuwa reshenta ya iso har ƙofar gidajenmu.

Ran 20 ga Yuni 2025 Majalisar Wakilai ta Birtaniya ta amince, da ƙuri'a 314 a kan 291, da wani shirin doka na barin likita ya ba majinyacin da ake zaton saura wata shida ya rasu maganin da zai sha ya mutu. Su kansu masu shirin sun ji tsoron abu biyu, tilasci da jabu. Don haka tun a 2024 suka sa ɗaurin da zai kai shekara 14 ga wanda ya matsa wa majinyaci ya nemi mutuwa. Haka nan dokar Jihar Oregon ta Amurka, wadda ta fara aiki a 1997, ta sa ƙirƙiro takardar neman mutuwa da sunan majinyaci cikin manyan laifuffuka.

Mu a wurinmu ƙofar a rufe take tun daga tushe. Aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i ta hana mutum kashe kansa, kuma yardarsa ba ta halatta jininsa, domin rai mallakar Allah ne. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya tilasta aka yi kisa da wanda ya zartar, duka biyu ana yi musu ƙisasi, wanda ya yi kisan ganganci kuwa ba ya gadon wanda ya kashe. Dokar Final Kod ta Arewa ta 1960 ma ta sa ɗaurin da zai kai shekara 10 ga mai taimakon wani ya kashe kansa, da 14 ga mai jabun takarda. Cire na'urar numfashi daga wanda ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu baki ɗaya wani abu ne daban, Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta halatta shi a taronta na Amman a 1986.

To, ina ruwan Kakuri da wannan? Tun da masaƙar KTL ta tsaya a 2002, wasu kuma suka bi ta, akwai dattawa da yawa waɗanda ba su da abin da ya rage sai gida ɗaya da 'yan hakkokin sallama da suke jira. Idan irin wannan dattijo ya kwanta ciwon ajali, sai a yi ta lissafin kuɗin magani a gabansa, har kunya ta sa ya ce a mai da shi gida a bar shi. Wannan tilasci ne, ko da ba a ɗaga masa murya ba. Wani kuma a kama babban yatsansa yana cikin magagi a dangwala a takardar kyautar gida. Wannan jabu ne, shaidun da suka sa hannu kuwa sun yi shaidar zur, wadda take cikin manyan zunubai. Ko da yana cikin hayyacinsa ma, kyautar mai ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, ba ta kuma tafiya ga magaji sai sauran magada sun yarda.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikata. Mu rubuta wasiyya da basussuka tun muna da lafiya, a gaban adalai biyu. Maganar kuɗin asibiti a yi ta a zaure, nesa da kunnen majinyaci. Idan ya ce ya gaji da magani, a bar likita da malami su ji daga bakinsa ba tare da magada ba. Ma'aikacin da aka kawo wa takarda mai dangwalen marar lafiya, ya bincika kafin ya buga hatimi.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya sa mu cika da imani, amin.